Watanni Uku Na Farko A Rayuwar Kwikwiyo

Shirin namu na yau ya leƙa unguwannin Kubwa, Lugbe da Gwarinpa a nan Abuja, inda magidanta ke sayen kwikwiyo domin gadi, amma sau da yawa sai ya mutu tun bai fara haushi ba.

Daga yaye matsalar take farawa. Ana raba shi da uwarsa yana sati uku ko huɗu, alhali kamata ya yi ya cika sati 8 a gindinta. Da an kawo shi gida, yara su dama masa madara, a zuba masa sauran tuwo da miya. Cikinsa ba ya narkar da madarar shanu sosai, washegari sai zawo. Albasa da tafarnuwar da ke cikin miyarmu kuwa suna lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yakan tsage ya huda hanji. A ba shi abincin da aka yi domin 'yan kwikwiyo, a jiƙa da ruwan ɗumi, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. In za a canza masa abinci, a yi a hankali cikin mako guda.

Ku dubi cikinsa. In ya kumbura tim, haƙarƙari a waje, gashi ya yi buzu-buzu, galibi tsutsar ciki ce, kuma yakan same ta tun daga uwa. Shi ya sa likitocin dabbobi ke fara ba da maganinta tun yana sati 2.

Babbar makashiyar dai ita ce cutar da likitoci ke kira farbo. Kwikwiyo ya ƙi abinci, ya kwanta laƙwas, sai amai da zawon jini mai ɗoyi. Cikin kwana biyu ko uku ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayar cutar tana yin watanni a ƙasar tsakar gida, don haka wanda ya kawo sabon kwikwiyo inda wani ya mutu ya jefa shi cikin haɗari. Rigakafinta ana fara shi ne daga sati 6 zuwa 8, a maimaita har ya kai kusan wata huɗu. Kafin nan, kada a bar shi yawo a layi.

In ya cika wata 3, sai allurar haukan kare, wadda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato take sarrafawa. Wannan allura 'ya'yanmu take karewa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, yara kuma na da yawa a cikinsu.

Jama'a, dabbar da muka ɗaure a gida amana ce a wuyanmu. Akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, akwai likitocin dabbobi a cikin gari. Don Allah, kafin ku sayi sarƙa, ku kai shi a yi masa allura.