Sunayen giyar Rochefort: abin da lamba take nufi

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna son mu duba yadda ƙaramar masana'antar giya take raɗa wa kayanta suna, da wuyar da hakan yake ba mai fassara daga Faransanci zuwa Hausa. Mun ɗauki misalin Rochefort, wani ƙaramin gari na lardin Namur, a ƙasar Beljik. A gefen garin akwai gidan zuhudu na Notre-Dame de Saint-Rémy, inda ƴan ɗariƙar Trappistes suke dafa giya tun 1899.

2. Sunaye ukku

Giya ukku suka sa aka san wannan gida: Rochefort 6, Rochefort 8 da Rochefort 10. Dukansu masu duhun launi ne, abin da Faransanci yake kira « brune ». Wanda ya ga lamba a jikin kwalba zai zaci ƙarfin barasa take nunawa. Ba haka ba ne: ta 6 tana da kashi 7,5 cikin ɗari, ta 8 kashi 9,2, ta 10 kuma kashi 11,3.

Lambar ta fito ne daga tsohon ma'aunin Beljik, wanda yake auna kaurin ruwan tsiron sha'ir kafin ya tsima. Idan nauyin ruwa zalla 1000 ne, ruwan tsiro mai nauyin 1060 shi ne « 6 », mai 1080 « 8 », mai 1100 « 10 ». Iyakar yawan sukarin da ke ciki, iyakar barasar da za a samu bayan tsimi. Ke nan sunan yana nuna mafarin aiki, mai saye kuwa yana karanta shi kamar sakamako.

3. Launin marfi

Kowace giya da launin marfinta: ja ga 6, kore ga 8, shuɗi ga 10. A Chimay, wani gidan Trappistes, launin ya zama suna sosai: « la rouge », « la bleue ». Nan sifa ta tashi daga marfi ta koma kan abin da ke cikin kwalba. Mai fassarar da ya rubuta « shuɗiyar giya » ya ɓatar da mai karatu. Daidai shi ne « mai shuɗin marfi ». Tsarin « mai » + suna yana ba Hausa damar fayyace abin da Faransanci ya dunƙule.

4. Kammalawa

A 2020 gidan Rochefort ya fito da ta huɗu, Triple Extra, mai hasken launi, ba tare da lamba ba. An bar ma'aunin madafa, an ɗauki kalmar « triple » da kasuwa ta riga ta sani. Shawararmu ga ɗalibanmu ita ce su bar irin waɗannan sunaye yadda suke, su ƙara bayanin abin da lamba ko launi yake nuni gare shi.