Allurar Rigakafin Babbar Mura Da Abin Da Kan Biyo Bayanta

Da zarar hunturu ya kama a Sakkwato, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙetaren gulbi, sai ka ji tari da atishawa ko'ina, tun daga Mabera har Runjin Sambo. Duk wanda ka tambaya sai ya ce mura ce. To, a nan gizo ke saƙar, domin suna ɗaya muke ba ciwo biyu. Akwai murar da muka saba da ita, ta yoyon hanci da ƙaiƙayin maƙogwaro, wadda mutum kan yi ta yana ban-ruwan albasarsa a fadama. Akwai kuma babbar mura, wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita wannan farat ɗaya take kama mutum da masassara mai zafi, da ciwon kai, da ciwon gaɓoɓi, da busasshen tari, ga kasala wadda kan kwantar da ƙato mako guda. Allurar da za mu yi magana a kanta ta wannan ta biyun ce kaɗai.

Kada mu raina babbar mura. A shekarar 1918 jirgin ruwa ya shigo da ita Legas, ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake ta gama ƙasar nan, har masana suka ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 cikin 'yan watanni. Ko a shekarun da babu annoba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takan kashe tsakanin mutum 290,000 zuwa 650,000 a duniya. Waɗanda ta fi yi wa illa su ne tsofaffi, da ƙananan yara, da mata masu ciki, da masu asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya. Sau da yawa takan buɗe wa ciwon huhu ƙofa, shi kuwa ya ƙarasa aikin.

A nan ƙasarmu allurar babbar mura ba ta cikin waɗanda ake yi wa jarirai kyauta a ɗakunan shan magani. Shi ya sa mutane da yawa a ƙauyukan Kware da Wamakko da Bodinga ba su taɓa jin labarinta ba. Waɗanda suka fi saninta a Sakkwato su ne maniyyata aikin Hajji, domin hukumar lafiya ta Saudiyya takan shawarci baƙinta su yi ta kafin su shiga cinkoson jama'a, sai kuma ma'aikatan asibiti, da waɗanda karatu ko fatauci ke kaiwa ƙasashen waje. Amma labarin abin da ta yi wa wanda ya karɓa kan riga shi isa gida, kuma yawanci da ƙari.

Mu huɗu ne cikin abokan aikinmu muka karɓe ta rana ɗaya, gab da hunturu, a wani asibiti cikin gari. Ga yadda ta yi da mu.

Dukanmu mun ji dantse ya yi tsami kafin magariba, kamar wanda yaro ya jefa da tsakuwa. Kwanciya a kan wannan hannu ba ta yiwu ba a daren. Dattijon cikinmu, wanda ya haura saba'in, iyakacin abin da ya ji ke nan. Da safe ya hau kekensa ya tafi gona, yana ta yi mana dariya, yana nuna mana tabon lambar agana da ke dantsensa tun yana yaro, wai wannan ita ce allura, tamu kuwa cizon cinnaka ce.

Wata 'yar'uwarmu mai koyar da ɗinki ita ta fi jin jiki. Da tsakar dare sanyi ya rufe ta, kai ya ɗauki ciwo, jiki ya yi zafi, wurin allurar ya yi ja ya ɗan kumbura kamar faɗin kwabo. Uwar mijinta ta tashi hankali, har ta aika a kira mai magani. Ita kuwa da yake an gaya mata tun a asibiti, sai ta sha farasitamol, ta yawaita shan ruwa, ta ɗora tsumma mai sanyi a wurin. Kashegari ta wuni a kwance. A rana ta uku tana kan kekenta na ɗinki.

Na uku bai ji kome ba sai tsamin hannu da 'yar kasala. Na huɗun ne labarinsa ya fi yawo a unguwa. Kwana goma bayan allura sai ga shi da yoyon hanci da atishawa, ya shiga gaya wa mutane a majalisa cewa allurar ce ta sa masa mura. Mun daɗe muna jayayya da shi, kuma mun san akwai irinsa da yawa cikin masu karanta wannan takarda, saboda haka bari mu tsaya a kan wannan magana.

Allurar da ake yi a dantse ba ta da ƙwayar cuta mai rai a cikinta. An kashe ƙwayar, ko kuwa ɓangarenta kaɗai aka ɗauko, don haka ba ta iya hayayyafa a jiki balle ta zama ciwo. Abin da take yi shi ne ta nuna wa jiki kamannin abokin gaba, jiki kuwa ya tashi ya haɗa makamansa. Wannan tashin da jiki ke yi shi ne tsamin hannu da 'yar masassarar da ake ji. Kowane manomi ya san yadda jiki ke yi a ranar farko ta huɗa bayan hutun rani, amma ba wanda ya taɓa cewa garma ce ta sa masa ciwo. Abokin namu murar hunturu ce ta kama shi, irin wadda ta kama rabin unguwarsu a wannan mako, har da waɗanda ba su ko san ƙofar asibitin ba. Ƙwayoyin da ke kawo ƙaramar mura sun fi iri ɗari biyu, kuma allurar nan ba ta da ruwa da ko ɗaya daga cikinsu.

Gaskiya dai ɗaya ce, ko babbar murar ma allurar ba ta tare ta ɗungum. Jiki yana bukatar wajen mako biyu kafin kariyar ta kankama, wanda ya kwaso cutar a tsakanin nan zai kwanta. A shekarar da allura ta dace da ƙwayar da ke yawo, takan rage haɗarin kamuwa da wajen rabi, wanda kuma ya kamu bayan ya yi ta yawanci ciwonsa kan zo da sauƙi. Ƙwayar tana sāke kama kowace shekara, shi ya sa masanan Hukumar Lafiya ta Duniya kan zauna sau biyu a shekara, cikin Fabrairu da Satumba, su zaɓi irin da za a haɗa sabuwar allura dominsa. Ta bara ba ta wadatar bana. Wanda ya ce maka allura ɗaya ta raba ka da mura har abada, kuɗinka yake so.

Yanzu ga abin da ba a yi masa wasa. Idan bayan allura fuska ko leɓe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso a jiki duka, a koma wurin likita nan take. Wannan kan faru ga wajen mutum ɗaya cikin miliyan, kuma yawanci cikin 'yan mintoci, shi ya sa ake cewa a zauna minti 15 a asibiti kafin a tafi. Kada a yi gaggawar zuwa kasuwa. Akwai kuma wani ciwon jijiya mai sa ƙafafu su mutu sannu a hankali cikin makonnin da suka biyo. A 1976 ƙasar Amurka ta tsai da wani babban aikin allurar mura saboda shi, bayan an yi wa mutum fiye da miliyan 40. Da allurar da ake yi kowace shekara bai wuce ɗaya ko biyu cikin miliyan ba, kuma ita kanta babbar murar ta fi allurar jawo shi. Duk da haka, wanda ya ji ƙafafunsa suna nauyi ya tafi babban asibiti, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, kada ya zauna ana yi masa turare.

Masassarar da ta wuce kwana biyu, ko ta yi zafi ƙwarai, ba ta allura ba ce sai an tabbatar. A ƙasarmu ta sauro abu na farko shi ne a gwada jini. Mun ga waɗanda suka ɗora wa allura laifi suka yi ta jira, alhali zazzaɓin cizon sauro ne ke cin su. Wurin allurar kuma kada a tsaga shi, kada a gasa, kada a shafa masa kome. In ya yi ruwa ko ya tara mugunya, alama ce ta rashin tsabta, sai a nuna wa malamin asibiti. Yaro mai masassara ba a ba shi asfirin. Wanda ke kwance da zazzaɓi ya bari sai ya warke kafin ya karɓa, jaririn da bai cika wata shida ba kuwa ba a yi masa ita sam. Kuma a kula da inda ake karɓa. Maganin yana son sanyin firji, tsakanin awo 2 zuwa 8. Wanda ya kwana a kan kanta cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu yana iya tashi daga aiki, ko da kwalbar tana sheƙi.

Abin da ya sa muka ba wannan magana fili haka shi ne, tsoron masassarar bayan allura bai tsaya a kan manya ba. Uwa takan kai jaririnta allurar mako shida, ya kwana yana kuka, cinya ta kumbura, jiki ya yi ɗumi, sai maigida ya ce ba za a sāke kai shi ba. Ta mako goma da ta mako goma sha huɗu su wuce, ta ƙyanda a wata tara ita ma ta wuce. Binciken da aka yi a ƙasa duka a 2016 zuwa 2017 ya nuna yara 3 ne kacal cikin 100 a Jihar Sakkwato suka sami allurar cinya ukun nan cikakku, lokacin da a ƙasa baki ɗaya ake da 33. Dalilan suna da yawa, akwai nisan asibiti, akwai rashin sani, amma kukan daren farko yana cikinsu. Kukan nan irin abin da 'yar'uwarmu mai ɗinki ta ji ne, bambancin kawai jariri ba shi da bakin faɗi. A ci gaba da ba shi nono, a rage masa tufafi, a ɗora tsumma mai sanyi a cinyar, a tambayi malamar asibiti adadin farasitamol da ya dace da nauyinsa. In ya ƙi kama nono, ko ya yi taune-taune, ko zafin ya kai kwana na uku, a mai da shi asibiti tare da katinsa, a kuma duba ranar da aka rubuta don allura ta gaba.