Munafunci a Bakin Marubuta da Masu Jawabi: Daga Mallam Abdullahi na Gwandu zuwa Abubakar Imam



Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan kalmar da ta tara mu. A bakin Bahaushe na kasuwa, munafuki shi ne mai ɗaukar zance daga wannan zaure ya kai wancan, watau annamimi. Amma asalin kalmar a Larabci ya fi haka nauyi: mutum ne wanda zahirinsa ya saɓa wa baɗininsa. Alƙur'ani ya keɓe sura guda, ta 63, da sunan irin waɗannan mutane, kuma tarihi ya riƙe sunan Abdullahi ɗan Ubayyu, wanda ya janye da mutum wajen 300 ana kan hanyar Uhudu a shekara ta 625. Wannan ma'ana ta biyu nake nufi a laccar nan, musamman inda aka yi wa son zuciya rawani da alkyabba.

Tonon asirin irin wannan hali tsoho ne a ƙasashenmu. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya gargaɗi Askiya Muhammadu na Songhai game da miyagun malamai, masu halatta wa sarki abin da yake so don su sami abin da suke so. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya gaji wannan magana ya faɗaɗa ta. A cikin Kitabul Farƙi ya jera al'adun mulkin Haɓe da sunayensu na Hausa, su jangali da kuɗin gari da gaisuwa da kamuwa, yana nuna yadda masu da'awar Musulunci ke cin dukiyar talaka. A cikin Nurul Albabi kuwa ya juya kan malamai 'yan'uwansa, waɗanda ke zama a zaure safe da yamma suna karantar da almajirai, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida cikin duhun jahilci. Ya ce karantarwar nan ta zaure riya ce da neman suna. A ganina wannan suka ta fi ta sarakunan zafi, don ta shiga har tsakar gida.

Duk da haka, sukar abokin gaba abu ne mai sauƙi, kowa na iyawa. Abin da ke da wuya shi ne wanda Mallam Abdullahi, ƙanen Shehu, ya yi. Ku tuna shi ne wazirin jihadi, ya halarci Tabkin Kwatto a 1804, ya kuma ga yadda aka yi asarar mahaddata da manyan almajirai a Tsuntsuwa da Alwasa. To a 1807, runduna na kan hanyar yaƙin Alƙalawa, sai ya sulale da 'yan mutane kaɗan ya nufi gabas da niyyar barin ƙasar ya tafi Madina. Me ya kore shi, ga nasara tana ƙaratowa? Shi da kansa ya ba da amsa a Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813. Mutanen kirkin da aka fara tafiyar da su yawanci sun rasu, waɗanda suka maye gurbinsu kuma bakinsu na faɗin abin da hannunsu ba ya aikatawa. Himmarsu ta koma ga neman sarauta, da tara ƙwaraƙwarai da tufafi masu tsada, har da sayar da 'ya'ya a kasuwa da sunan bayi. Waɗannan fa ba Gobirawa ba ne, jama'arsa ce, masu tuta irin tasa.

Bai kai Madina ba. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami don ya zama jagora ga masu mulki da alƙalai, daga baya ya koma gida. Ku lura da wannan: mutumin da ya gudu saboda ƙyamar lalacewar mulki, sai ga shi ya ɓuge da rubuta littafin yadda za a yi mulki. Wanda ya taɓa rubuta takardar barin aiki cikin fushi, ya sa ta a aljihun tebur, kashegari ya dawo ofis, zai fahimci halin da Mallam Abdullahi ya shiga.

Da boko ya zo sai makamin ya sauya, aka koma ga ban dariya. A gasar ƙaga labarai da Dokta East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam, yana saurayi ɗan shekara 22, ya shigar da Ruwan Bagaja. Akwai wani wuri a littafin da na tabbata yawancinku kun yi dariya a kansa tun kuna firamare. Alhaji Imam ya sauka wani gari na jahilai ya mai da kansa babban malami, ana ta kawo masa sadaka. Malam Zurƙe, wanda ya fi shi karatu, ya zo ya ƙalubalance shi. Sai Alhaji ya zana wata 'yar lanƙwasa a ƙasa ya ce a karanta. Zurƙe ya yi ta kawo sunayen baƙaƙe, Alhaji ya ce duk kuskure ne, siffar jinjirin wata ce. Mutanen gari suka duba, suka ga lalle wata suka sani, baƙi kuwa ba su sani ba, suka bi Zurƙe da jifa.

Dariyar nan tana da ƙaya a ciki. Imam bai hukunta maƙaryacin ba, shi ne ma gwarzon labarin, kuma mai karatu yana bayansa. Wanda aka tona wa asiri a nan taron jama'a ne, domin su suka yi alƙalanci, suka zaɓi abin da ya dace da iyakar saninsu. Malamin ƙarya ba ya cin kasuwa sai inda babu mai iya bincikar allonsa. Wasu masu nazari kan ɗauki wannan a matsayin raha kurum, ni kuwa ina ganin ya yi daidai da abin da Shehu ya koka da shi game da barin mutane cikin jahilci, sai dai ta wata ƙofa aka shigo.

Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ba mai raha ba ne. Da yake ɗan limami ne mai zurfin Larabci, babu damar a kore shi da cewa yaron Nasara ne, shi ya sa Waƙar Bidi'a ta yi wa masu cin abinci da camfi ciwo ƙwarai. Aminu Kano kuma ya bi ta wasan kwaikwayo tun yana Kwalejin Kaduna, yana kwaikwayon 'yan kasuwa masu algus da hakimai masu zalunci.

Jawabin da ya fi girgiza fada kuwa daga bakin mai sanyin hali ya fito. A watan Agusta na 1950, watan da aka kafa NEPU a Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi. Ya nuna cewa talaka ba shi da baki a mulkin da ake cewa nasa ne, kuma cin hanci ya zama ruwan dare a ofisoshi da kotuna. Ƙudurin ya wuce da ƙyar. Abin da ya biyo baya shi ne dokar En'e ta 1954, wadda ta ɗaure sarki da majalisarsa. Kotunan alƙalai ba su fita daga hannun En'e ba sai a 1968, ita kanta En'en kuma ta kai har 1976 kafin a maye gurbinta da ƙananan hukumomi, shekara 26 bayan jawabin, shekara 10 bayan rasuwar mai jawabin.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.