Shin daina cin alkama na maganin asma da ciwon fata?

Da zarar hunturu ya kama, ƙura ta turnuƙe gari, sai masu fama da sarƙewar numfashi da masu yawan susa su shiga halin ni-'yasu. A irin wannan lokaci ne wata shawara kan yi yawo a wayoyin jama'a: wai duk wanda asma ko ƙaiƙayin fata ya addaba, ya bar burodi da taliya da duk abin da aka yi da alkama, ya koma cimar gargajiya, zai rabu da ciwon. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai mutane ƙalilan ta shafa, kuma wanda ya ɗauke ta ɗungurungum har ya ajiye maganinsa yana wasa da ransa ne.

Abin da ake gudu a cikin alkama wani sinadarin gina jiki ne da ake kira gulutin. Shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo, ya riƙe iska, burodi ya tashi. Akwai shi a alkama da sha'ir, amma babu shi a gero, dawa, masara, shinkafa ko acca, balle wake, doya, rogo da dankali. Wato Bahaushen da ya tashi da tuwon dawa da fura da kunun tsamiya ya daɗe yana cin abin da a yau ake saye da tsada a kantunan Turai.

Ga mafi yawan mutane gulutin abinci ne kawai. Amma kusan mutum ɗaya cikin ɗari a duniya na ɗauke da cutar siliyak, wadda ke sa garkuwar jiki ta afka wa ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin ya shiga ciki, har hanjin ya kasa tsotse amfanin abinci. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, da tsumburewa ga yara. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ne ya tabbatar da alaƙar. A yunwar da ta auka wa ƙasarsu a 1944 zuwa 1945 burodi ya yi wuya, sai yaran da ke da cutar suka samu sauƙi; da alkama ta dawo, ciwo ya dawo. Kuma kada a zaci cutar Turawa ce kaɗai: binciken da aka buga a 1999 kan yaran Sahrawi da ke sansanonin gudun hijira a Aljeriya ya same ta a jikin fiye da kashi 5 cikin ɗari.

A nan ne fata ta shigo cikin zancen. Wasu masu siliyak kan fito da ƙananan ƙuraje masu ɗurar ruwa da ƙaiƙayi mai tsanani a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ɗuwawu da fatar kai, galibi dama da hagu lokaci guda. Likitan fata Louis Duhring na Amurka ne ya fara bayyana wannan ciwo a 1884. Ga mai irin waɗannan ƙuraje, barin alkama shi ne ainihin magani, kuma na tsawon rai ne. Sai dai yana buƙatar haƙuri, domin fatar kan ɗauki watanni, wani lokaci har shekara biyu, kafin ta lafa. Shi ya sa likitoci kan haɗa wa mutum da ƙwayar dafson a farko.

Sauran cututtukan fata kuwa lamarinsu daban ne. Abin da ake kira ekzima a bakin kasuwa sau da yawa kyasbi ne ko makero, waɗanda ƙwayoyin cuta dangin funfuna ke haddasawa, kuma babu ruwansu da burodi. Ekzimar gaske, mai busar da fata ta sa yaro ya yi ta susa a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, tushenta raunin fatar ne wajen riƙe danshi, kuma takan bi jini tare da asma da yawan atishawa. Shafa man kaɗanya ko basilin bayan wanka da barin sabulu mai kaifi sun fi yi mata amfani fiye da hana yaro abinci. Iyayen da suka yi ta janye wa yaro madara da ƙwai da alkama ba tare da gwaji ba kan ƙare da yaro mai ƙarancin abinci mai gina jiki, ga kuma susar tana nan.

Game da asma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke ɗauke da ita, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda ganowa da magani suka yi ƙaranci. Binciken likitoci bai nuna cewa barin gulutin na warkar da ita ba. Alkama kan tayar da asma ta hanyoyi biyu sanannu. Akwai masu borin jini da ita, waɗanda jikinsu kan yi rudu-rudu, numfashi ya sarƙe jim kaɗan bayan sun ci. Sai kuma masu shaƙar ƙurar fulawa, kamar ma'aikatan gidan burodi, masu injin niƙa da masu auna gari a kasuwa. Tun a 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya rubuta halin da masu gasa burodi ke shiga. Alamar wannan ita ce mutum ya ji sauƙi ranar da bai je aiki ba, ƙirji ya sake riƙewa da ya koma.

To me ya sa wasu ke rantsuwa cewa sun samu sauƙi? Wanda ya bar alkama yawanci yakan bar cincin da fanke da biskit da lemon kwalba a lokaci guda, ya ƙara zogale, rama, alayyahu, wake da 'ya'yan itatuwa. Nauyinsa sai ya ragu, ƙiba kuwa an san tana tsananta asma. Ladan na sauyin cimar ne baki ɗaya, amma alkama kaɗai ake ɗora wa laifi. Ga shi kuma asma da ekzima cututtuka ne masu tashi su lafa da kansu. Wanda ya fara sabon tsari a ƙarshen hunturu zai iya yaba wa tuwo kan aikin da saukar damina ta yi.

Mai zargin yana da siliyak ya kamata ya yi gwajin jini tun yana kan cin alkama, domin idan ya riga ya daina, sakamakon na iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan. Idan aka tabbatar, aikin ya wuce barin burodi. Gurasa, alkaki, funkaso, taliyar 'yan yara, kuskus da tuwon semo duk alkama ce. Ɗanwaken yanzu ma da yawa da fulawa ake kwaɓa shi, kuma gero mai tsafta na iya gurɓata a injin da ya gama niƙa alkama. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ga abincin da babu gulutin shi ne kada ya wuce miligiram 20 a kilo guda, abin da ɗan burbushi ke iya ƙetarewa.

Shi kuwa mai asma, abokan gabarsa na kusa su ne ƙurar ɗaki, hayaƙin itace da na janareta, turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da kyankyaso. Shuɗin abin shaƙar nan buɗe ƙirji kawai yake yi na ɗan lokaci. Wanda ke kwantar da kumburin hanyoyin iska shi ne na rigakafi. Duk wanda ke buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashe shi cikin dare, ya kamata likita ya sake duba magungunansa. Idan kuwa numfashi ya kai ga mutum ba ya iya ƙarasa jimla ɗaya, asibiti za a nufa da shi nan take, ko da tsakar dare ne.