Burukutu da Baƙin da Ba a Gayyata ba

Kafin ido ya hango gidan da ake dafa burukutu, hanci ya riga ya shaida, su kuwa ƙudaje sun riga hancin isa. Sana'a ce ta mata, kuma a fili ake yin ta, a bayan gida ko a gindin bishiya, don manyan tukwane da gangunan ƙarfe da hayaƙin itace ba sa zaunuwa a ɗaki. Haka take a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina, haka a Kudancin Kaduna da Filato. A arewacin Gana sunanta pito, a Burkina Faso dolo, a arewacin Kamaru bilbil. Musulunci ya haramta ta, shi ya sa ɗan birni zai iya tsufa bai taɓa ganin yadda ake haɗa ta ba, amma a al'adar Maguzawa giya tana nan a biki, tana nan a gayya, tana nan a zaman makoki.

Aikin yakan ci kusan mako guda, kuma kowane mataki da irin ƙwarin da yake kira. Za a jiƙa dawa, a baza ta, a dinga yayyafa mata ruwa har ta yi tsiro, sannan a shanya a niƙa. A nan tururuwa ce ke fara kawo gaisuwa, sai a zagaye shanyar da toka, a sa yaro gadin kaji.

Rigimar gaske tana zuwa ne bayan dahuwa, lokacin da aka tace ruwan tsiron aka sauke shi ya huce. Zaƙi ne da shi a lokacin, bai zama giya ba tukuna. Da rani, ƙudan zuma da rina sukan yi dafifi a bakin tukunya. Mai dahuwa ba ta kai musu duka, ta san abin da zai biyo baya. Murhu take bari ya yi ta hayaƙi, ta ɗaure bakin randa da ƙyalle, wanda ya faɗa ciki kuma ta tsame shi da ludayi ta yar, ba tare da ta katse hirarta ba.

Da an zuba ragowar tsohuwar giya a sabuwa, kumfa ta taso, sai wasu ƙananan ƙudaje masu jan ido su bayyana, irin waɗanda ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Waɗannan da dalili suka zo. Masu bincike a Leuven ta ƙasar Beljiyam sun nuna a 2014 cewa yis, wato ƙwayar da ke tayar da giya, yana fitar da ƙamshin da ke jawo su, su kuma su kwashe shi a ƙafafunsu su kai wani wurin. Kenan ba da mashaya ƙamshin yake ba tun asali.

Sauro ma ba a bar shi a baya ba. Wani bincike da aka buga a 2010, wanda aka gudanar a Burkina Faso, ya gano cewa sauron da ke kawo zazzaɓi ya fi nufar mutumin da ya sha dolo a kan wanda ya sha ruwa. Ga shi kuwa da yamma ake zaman shan, a waje, ƙafa a buɗe.

Wurin shan ma da ladabinsa. Ƙwarya ba ta zama a buɗe. A kurɓa, a mayar da faifai ko marufi, hannu ɗaya na kora. Mai sayarwar da ta san kan sana'arta ana gane ta tun daga inda take zubar da dusar da ta rage bayan an tace. Idan ta kwashe ta da ɗuminta ta kai wa aladu can nesa da rumfa, rabin ƙudajen sun bi ta. Idan ta bar ta ta kwana a gindin murhu, kwana kaɗan sai tsutsa, masu saye kuma su koma gidan maƙwabciya.