Daidaita Matsin Ruwa a Cikin Na'urorin Rijiyar Man Fetur

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana wata dabara da masu haƙar man fetur suka dogara a kanta, watau daidaita matsi tsakanin ruwan da ke cikin na'ura da wanda ke kewaye da ita a can ƙarƙashin ƙasa. Rijiyar Oloibiri, inda aka sami mai a Nijeriya cikin 1956, zurfinta ya haura mita 3,600. Abin tambaya shi ne, ta yaya na'ura mai sassa masu juyawa za ta yi aiki a irin wannan zurfi ba tare da ta lalace ba?

Da farko ya kamata mai karatu ya san cewa ba a barin rijiyar mai fanko a lokacin haƙa. Cika ta ake yi da wani ruwan laka da ake haɗawa musamman, domin ya sanyaya bakin haƙa, ya kwaso ɓarɓashin dutse, ya kuma danne mai da iskar gas kada su yi ambaliya. To, wannan ruwa nauyi gare shi. A ce lita ɗaya tana da nauyin kilo 1.2, zurfin rijiya kuma mita 3,000 ne. Idan aka yi lissafi za a tarar kowane murabba'in santimita, abin da bai wuce faɗin farce ba, yana ɗauke da nauyin kilo 360. Wuri mai faɗin tafin hannu kuwa, wajen tan 36 ke nan. Ga kuma zafi, domin a galibin wurare yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita ta zurfi.

Hanya biyu ce ake fuskantar wannan matsi. Ta farko ita ce a yi taurin kai da shi: a sa na'urar cikin bututun ƙarfe mai kauri a toshe. Haka ake yi wa kayan lantarki masu aune-aune, kuma yana yi, tun da ba abin da ke motsi a cikinsu. Amma inda sanda mai juyawa za ta ratsa bango ta fito waje, tilas a sa mata zoben roba, wanda makanikai ke kira sil, shi kuwa ba ya iya tare ɗaruruwan kilo alhali ƙarfe na goga shi dare da rana. Nan ne hanya ta biyu ta shigo. Mu ɗauki misali da gora da salka. In aka toshe gora babu komai a cikinta sai iska, aka nutsa da ita cikin ruwa mai zurfi ƙwarai, fashewa za ta yi. Salka cike da ruwa kuwa ko a jikinta, domin fatarta mai laushi ce, duk matsin da ya zo daga waje sai ta miƙa shi ga ruwan ciki, shi kuma ruwa ba ya matsuwa sai ɗan kaɗan. Ashe ba yawan matsi ne ke kashe sil ba, bambancin da ke tsakanin ciki da waje ne.

Saboda haka sai a cika na'urar da mai mai tsabta, a raba shi da lakar waje da wani shamaki mai motsi, ko dai jakar roba, ko fistan da ke yawo cikin silinda, ko ƙarfe mai ninki irin na zugazugi. Sau da yawa akan ƙara wa fistan ɗin sifirin, don matsin ciki ya ɗara na waje da kaɗan. A ganina nan ne hikimar ta fi fitowa, domin maƙeran sun yarda cewa babu sil ɗin da ba ya yoyo, sai suka zaɓa masa wajen da zai yoya: gara mai ya tsiyaye waje da laka mai yashi ta shigo ciki.

Bakin haƙa mai haƙora uku masu juyawa, wanda kamfanin Hughes na Amurka ya fito da shi cikin 1933, da farko boris ɗinsa a buɗe yake, laka na shiga tana cinye shi tun haƙoran ba su dakushe ba. Daga baya aka rufe boris ɗin da sil, aka yi wa kowace ƙafa ɗan rumbun giris mai marfin roba, wanda laka ke dannawa ta wata 'yar kafa. In wannan roba ta yage, boris ya ci, haƙori yana iya ɓallewa ya zauna a gindin rijiya. Sai an zaro bututu na kilomita uku, gaɓa-gaɓa, kafin a shiga neman sa.

Al'amarin ya fi sarƙaƙiya a famfon lantarki da ake nutsawa cikin rijiya don turo mai sama, wanda Armais Arutunoff, injiniyan da ya yi ƙaura daga Rasha zuwa Amurka, ya ƙirƙira, aka kuma fara aiki da shi a rijiyoyin Amurka a ƙarshen shekarun 1920. Injin yana can ƙasa, famfon na bisa, tsakaninsu kuma akwai wani sashe da ake kira mai tsaro. Cikin injin cike yake da man da ba ya ɗaukar lantarki. Ruwan gishiri kaɗan in ya kai ga kwayil, to ya ƙone. Matsalar ita ce injin yana numfashi. In ya yi zafi man ya kumbura, da wajen kashi 7 cikin 100 idan zafi ya ƙaru da digiri 100, sai rarar ta fice cikin rijiya. In aka kashe shi ya huce, man ya tsuke, dole wani abu ya cike gurbin, abin da ke kusa kuwa ruwan rijiya ne. Wani nau'in mai tsaro yana da ɗakuna da 'yan bututu masu lanƙwasa, inda ruwan rijiya, da yake ya fi mai nauyi, zai kwanta a gindin ɗaki bai isa ga injin ba. Wannan sai rijiya tana tsaye; in ta kwanta, kamar rijiyoyin da ake haƙawa a kwance cikin dutse, dabarar ta rushe, sai a koma ga jakar roba. Inda kuma zafi ya yi tsanani ko akwai gas mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke lalata roba, sai zugazugin ƙarfe. Wannan ne ya sa masu kula da rijiya ba sa son yawan kunnawa da kashewa, don kowane zagaye yana musanya ɗan mai da ɗan ruwa.

Babbar abokiyar gāba kuwa ita ce iska. Kumfar da aka bari cikin man lokacin cikawa, da ta isa gindin rijiya za ta tsuke ta koma kusan babu, fistan ya bi ta har ya kai ƙarshen silinda ya tsaya. Daga wannan lokaci daidaitawa ta ƙare, nauyin rijiya duka ya hau kan sil. Don haka ne ake zuƙe iskar na'ura da famfo tukuna, sannan a ɗura mata mai.