Me Ya Sa Famfon Banɗaki Ke Jan Mutum?

Da yawa daga cikinmu sun taɓa kama kan famfo a banɗaki suka ji wani ɗan zirr a yatsa, suka yi tsaki suka ci gaba da wanka. To, wannan zirr ɗin gargaɗi ne. Yana nufin wuta tana yoyo daga wani wuri, galibi daga hitar ruwan zafi da cikinta ya ci, ta bi bututun ƙarfe har ta iso famfo.

Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Busasshiyar fata takan tare mafi yawanta, amma da zarar jiki ya jiƙe, ga sabulu, ga ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen daɓe, sai kariyar ta ragu ƙwarai. Wutar da ba ta isa ta ƙona fis ba tana iya hargitsa bugun zuciya. Shi fis waya yake karewa daga gobara, ba ruwansa da mai wanka.

Maganin farko shi ne wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Ana ɗaura ta a gangar jikin hita, ta tafi akwatin wutar gida, daga nan zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. Idan wuta ta yi yoyo, sai ta sami hanya mai sauƙi ta bi. Abin takaici, wasu masu haɗa wuta kan bar wannan waya a lilo, wai tun da hita na aiki ai shi ke nan.

Akwai kuma haɗa ƙarafan banɗakin da juna, wato bututun ruwan zafi da na sanyi da bahon ƙarfe, duka da waya ɗaya mai zuwa ga wayar ƙasa. Hikimar ita ce, wuta ba ta ratsa mutum sai ya taɓa abu biyu masu bambancin ƙarfin lantarki. Shi ya sa tsuntsu ke zama a kan wayar titi lafiya lau. In an haɗe ƙarafan, bambancin ya kusa gushewa.

Sai na'urar RCD, wadda ke katse wuta nan take idan yoyo ya kai miliamfiya 30. Tana da maɓallin gwaji. A riƙa danna shi lokaci-lokaci.

Ita kuwa hitar da ɗalibai ke tsomawa a bokiti, kada a sa hannu a ji ɗumin ruwa sai an zare ta daga soket.